Canjin Hannu Ya Same Shi a Kurkuku

Yana tsaye a bakin titin Malali, cikin kwat irin ta akawun zamanin Jihar Arewa, ta koɗe amma ta sha guga. Ya dubi dama zai tsallaka, mota ta ɓullo ta hagu, ya ja da baya.

"Malam Maliki ne," mai shayi ya gaya mini. "An matsa masa ya amsa satar da bai yi ba, wai a sassauta masa. Sai bayan shekara shida aka kama ɓarawon. Yana ciki aka mayar da tuƙi hannun dama."

Ina jin Kadunar da ya bari yake hange.

Mai shayi ya ɗaga murya. "Malam, hagu ake dubawa yanzu!"

Ya yi murmushi. "Na sani, Sabo. Wuyan ne bai sani ba."