Bari-in-ji da murfin tankin motarmu

Kowace safiya, kafin masu shagunan layinmu su buɗe, ya riga ya share gaban garejinsa, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan benci, ya jera sifanu daga babba zuwa ƙarami. Ina ganinsa ta tagata. Ba leƙe nake ba, tagar ce take kallon can. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan yana haka, ƙarshen watan nan kuma zai rufe, don hannu ya fara rawa.

Bari-in-ji ake ce masa, saboda ko me ka ce motarka na yi, amsarsa ɗaya ce: "Bari in ji." Sai ya ɗora bakin dogon sukundireba a jikin inji, ya kafa kunne a ƙotar, ya rufe ido. Tsofaffin motoci ne aikinsa. Matar tela ta rantse min a gabanta ya shinshina hayaƙin motar mijinta, ya ce kafireta, wato inda mai ke haɗuwa da iska, tana shan mai fiye da kima. Aka kwance, haka ne. Direban makaranta kuma ya ga ya yanka wa wani famfon mai sabuwar roba da almakashi, don an daina sayar da irinsa. Har yau yana aiki.

Amma nawa labarin ya fi, kuma ban taɓa ba kowa ba.

Maigidana yana da wata shuɗiyar mota da ta girmi ɗanmu na fari. Tun da ya bar aiki, ita ce hirarsa, ita ce fitarsa. Shekara uku da suka wuce ta tsiri wani hali: ta tashi lafiya, ta yi tafiyar minti ashirin, ta yi shaƙuwa ta mutu. A bar ta ta huta, ta tashi kamar ba ita ba. Lokacin Bari-in-ji na kwance a asibiti. Wani bakanike ya canja famfo, wani ya wanke kafireta sau biyu, duk a banza. Ranar da ta mutu a tsakiyar titi, manyan motoci na danna mana hon, 'ya'yanmu suka yanke hukunci: ranar Asabar masu sayen tsohon ƙarfe za su zo su ja ta. Maigida ya daina cin abinci.

Ranar Alhamis Bari-in-ji ya dawo, yana dogara sanda. Ya cire tiyon da ke kai mai, ya ce a tayar, mai ya feso da ƙarfi. Ya hura ƙananan ramukan kafireta da baki, duk a buɗe. Ya ce, "Mu zaga da ita." Na faɗa kujerar baya, don ba a barina a gida a irin wannan.

Da ta mutu, ko inji bai buɗe ba. Ya bar maigida riƙe da sitiyari, ya zagaya baya, ni kuma na bi shi. Ya kafa kunne kusa da murfin tanki, ya murɗa a hankali. Har ni na ji tankin ya ja dogon numfashi. Ya juya murfin, ya kankare wani abu da farce, ya dube ni.

"Uwargida," ya ce ƙasa-ƙasa, "wa ke kunna kyandir a tankin mota?"

Na amsa masa, "Wani ɗan rami na gani. Na ce ta nan man ke gudu, shi ne na ɗiga masa kaki."

"Wannan ai hancinta ne. Iska ba ta shiga, da me famfo zai ja? Toshe naki hancin mu ga ko za ki kai bakin titi."

"Za ka faɗa masa?"

"Ni ji nake yi. Faɗa aikinki ne."

Ya zare allura daga aljihu ya huda kakin. Ga maigida ya ce kawai, "Murfi ne ya toshe." Muka zaga awa guda, ko tari ba ta yi ba. Ranar maigida ya nemi ƙarin abinci. Masu ƙarfe suka zo Asabar, suka koma hannu sake.

Bari-in-ji, kai ne mai kunnen da ke jin abin da ƙarfe ke faɗa. Kai ne ka tashi daga gadon asibiti ka maido wa abokinka walwalarsa da allura ɗaya. Ni da magana ba ta kwana a bakina, ka riƙe min tawa shekara uku. Na gode, Allah ya ba hannun nan hutu mai daɗi.

Ku masu gyaran mota na yanzu, ku je ku zauna kusa da shi kafin wata ya ƙare, ku koyi saurare kafin kwancewa.

Maigida kuma, in an karanta maka wannan, ni ce. Motar dai tana tafiya.