Rigar Ruwa da Duron Ƙanƙara

Ko zan manta komai na shekarun karatuna, ba zan manta ranar da sanyi ya kusa halaka ni a tsakiyar Makka, da rana tsaka ba. Duk wanda na ba labarin sai ya yi dariya tukuna, don ya san garinmu, inda ruwan tankin saman bene ma sai an bari ya huce kafin a yi alwala da shi.

A Misfala, wata unguwa a Makka, aka haife ni. Kakannina ta Chadi suka biyo, mahaifina kuma yana da ɗan shagon turare da carbi. Tun ina ƙarami ba a jin muryata a gida, kullum ina lungu da littafi. Da na samu gurbin karatun ilimin teku a Jidda, babu wanda ya hana ni, babu kuma wanda ya gane abin da nake karantawa. Kowace safiya in hau mota ni kaɗai, yamma in dawo ni kaɗai. A aji ma haka: ban iya hira ba, sai rubutu.

A shekarata ta biyu malaminmu, wanda muke kira Duktur, ya zaɓi mutum shida da za su bi shi can arewacin Bahar Maliya lokacin sanyi, a ɗebo ruwan gwaji. Ƙananan jirage za a shiga, irin waɗanda iska ke turawa da babban ƙyalle. Ya karanto sunana a na biyar. Ban taɓa jin an zaɓe ni a wani abu ba sai ranar. Sharaɗinsa ɗaya ne: iskar can tana da sanyi, ruwa yana fantsama, jirgi yana iya kifewa, don haka babu mai hawa sai da rigar ruwa wadda shi da kansa ya duba.

Mako biyu na yi ina karatu a kan riga. Na gano iri biyu ce. Akwai wadda ruwa ba ya shiga sam, ana sa ta a kan kaya, amma ta fi ƙarfinmu, kuma ta ƙasashen ƙanƙara ce. Akwai ta roba mai laushi, wadda ɗan ruwa kaɗan yake shiga ya tsaya tsakaninta da fata, jiki ya ɗumama shi. Duk sirrin wannan a matsewa yake. In ta yi yawa, ruwan sanyi ya yi ta shiga yana fita, kamar ba ka sa komai ba. Na rubuta wannan a littafina, na ja layi biyu a ƙarƙashi. Na auna ƙirji da ƙugu da tsawo sau uku kafin in yi oda.

Ranar da aka kawo ta na kulle ɗaki na sa. Ta zauna daidai, babu inda ta yi sako-sako. Murna ce ta sa na fito tsakar gida a haka.

Ummi, mahaifiyata, tana tsince shinkafa. Ta ɗago, ta saki faranti. "La ilaha illallahu! Wa ya feɗe ka?"

Ƙannena mata suka tuntsire da dariya, ɗaya tana cewa na zama ƙwaɗo. Baba bai yi dariya ba. Ya dube ni sama da ƙasa, ya kau da kai.

"Ya waladi, ɗana, a haka za ka tsaya gaban mutane? In lokacin salla ya same ka a ruwa fa? Kai wa kawunka ya buɗa ta."

Amsar tana bakina. Jimla biyu ce kawai. Amma ina tsaye, kowane sashe na jikina ya fito, kunya ta hana ni faɗa. Na ce, "To, Baba."

Kawuna tela ne a unguwar Jarwal, shekara talatin yana ɗinka jallabiya. Ya juya rigar, ya ja ta, ya ce, "An cuce ka, ɗana. Ta yara suka aiko maka." Ina tsaye a kansa ya sa almakashi tun daga hammata har gwiwa, gefe biyu, ya ƙara baƙin yadi mai kauri. Ya yi aikin da zuciya ɗaya, ɗinki biyu-biyu, ya ƙi karɓar komai. Ina jin ƙarar keken, ina ganin allura tana huda robar, ina sane da abin da kowane huji yake nufi. Har na gode masa.

Duk da haka ban fid da rai ba. Na ce wa kaina watakila littattafan sun yi ƙari, sai na gwada. Saura kwana uku Duktur ya duba kayanmu, na sayo manyan ƙanƙara huɗu wurin mai kai wa masu lemo. Ya ce, "Walima ake yi?" Na ce a'a. Na hau da su saman bene ɗaya bayan ɗaya, lokacin da gida ke barcin bayan azahar. Na cika dogon duronmu da ruwa, na zuba ƙanƙarar, na auna sanyin da ma'auni har ya kai yadda nake so. Na ajiye agogo a kan bulo, na taka kujera na shiga. Rabin awa na yanke zan yi. Abin da ban lissafa ba shi ne ƙanƙarar ba ta gama narkewa ba.

Ruwan ya shigo ta gefe biyu kamar an buɗe famfo. Na dage. Kowane motsi sai in ji sabon sanyi ya bi cikina. Daga inda nake ina hango manyan otal-otal da ke kewaye da Harami, ina jin hayaniyar masu Umra a titi, gari cike da mutane, ni kuma ina cikin duro haƙorana suna karo. Da na yanke in fito, ƙafafuna da na naɗe sun mutu, yatsuna sun ƙi kama bakin duron, rigar ta cika da ruwa ta yi nauyi. Na gwada sau uku ina komawa. Har a lokacin ban yi ihu ba. Abin da nake tunani shi ne yadda za a same ni.

Ummi ce ta hau kwashe shanya. Tana ganina ta rugo. Ta jingina kafaɗa ta tura duron ya kife, na zubo tare da ruwan a kan siminti mai zafi. Ta lulluɓe ni da zannuwan da ke igiya, tana murza hannuna tana kiran Baba.

Da yamma, ina cikin bargo biyu da kofin shayi, Baba ya zauna kusa da ni. Na buɗe littafina na nuna masa wurin da na ja layi, na yi bayanin da ban yi ba tun farko. Ya ɗago ya dube ni.

"To me ya hana ka faɗa? Kai ka karanta abin, ba mu ba. Da ka ɗora wando da riga a kai, shi ke nan."

Da gaske haka masu yawa suke yi, na kuma sani.

Ban tafi ba. Duktur ya duba ɗinkin ya girgiza kai, babu lokacin samo wata, aka ba wani gurbina. Kwana goma na yi a ɗaki ina kallon hotunansu a waya, su shida a jirgi suna dariya. Ban gaya wa Kawu ba har ya bar ɗinki, don bai yi laifin komai ba.

Na daɗe ina ɗaukar shiruna a matsayin ladabi. Ranar na gane ba kowane shiru ne ladabi ba. Mutanen da ke ƙaunata sun yanke hukunci da iyakar abin da suka sani, ni da na san sauran na ɓoye musu. Tun daga nan, in na san abu ya shafi lafiya ko haƙƙi, ina faɗa, ko da a gaban wanda ya haife ni ne.