Agogon Batir da Hukuncin Mai Yawan Kokwanto

Shekarun baya ina da wata tsohuwar mota wadda batirinta ya mayar da maƙwabtana na unguwar Badariya ma'aikatan turi. Fitilar da ke gargaɗi idan caji ya tsaya ta daɗe da mutuwa, saboda haka ba na sanin akwai matsala sai na murɗa makulli na ji shiru. Wata safiya abokina, wanda muka yi karatun zaure tare, ya gama turi yana haki ya ce, "Malam, don Allah ka tausaya wa gwiwoyinmu. Ka je a sa maka agogon batir, ka riƙa ganin caji da idonka."

Na je wurin mai gyaran wayarin mota. Ya huda gefen sitiyari, ya dasa wani ɗan agogo mai jajayen lambobi, ya ja masa wayoyi biyu. Na tambaye shi lambar da ke nuna lafiya. Ya ce, "Sha huɗu, Malam. Amma sha ukku ma ba laihi." Abokina ya ce sam, ƙasa da sha huɗu halaka ce. Surukina ya ce sha biyu da rabi ta wadatar idan mota na tsaye. Na shafe rayuwata ina karanta saɓanin malamai, ban taɓa gamuwa da saɓani marar hujja irin wannan ba.

Daga ranar natsuwa ta bar ni. In na kunna fitila, lamba ta sauka. In na tsaya a mahaɗa, ta sauka. In na taka mai, ta hau. Sai in faka, in buɗe gaban mota, in tsaya ina kallon abin da ban sani ba. Zuwa kasuwa ya koma kamar tafiyar fatauci. Har a cikin sallar nafila na kama zuciyata tana lissafin sha uku da ɗigo takwas. Ran nan mai ɗakina ta ce, "Malam, da can mota ɗai ka rishin lahiya. Yanzu kun zama ku biyu."

Maganarta ta tsaya mini a rai. Na tuna abin da na daɗe ina karantar da ɗalibai: wanda kokwanto ya zame masa jiki, kullum yana shakkar alwalarsa ko adadin raka'o'insa, maganinsa ya kau da kai daga shakkar, ya ci gaba da ibadarsa. Na yanke wa kaina wannan hukunci. Na samo baƙin salatif na liƙe fuskar agogon, na kuwa samu barci.

Ana nan sai ɗaurin auren ɗiyar marigayi ƙanena ya zo, a Argungu, bayan sallar Juma'a. Ni ne waliyyinta. Tun ƙanen nawa yana kan gadon jinyarsa ya riƙe hannuna ya ce, "Yaya, kai za ka ba da ita da bakinka." Na ce masa in Allah ya kai mu. Ita ma ta kira ni tun da safe ta ce, "Baba, kada ka makara."

Na fito da wuri, abokina na gefe. Mun yi nisa, gonakin shinkafa dama da hagu, sai rediyo ya ɗauke. Na danna ham, ya yi kukan ɗan akuya marar lafiya. Motar ta yi tari, ta gangara gefen titi, ta mutu. Abokina ya sa farce ya ɓare salatif ɗin. Lambobin sun dusashe, da kyar muka karanta tara.

"Malam, mi ya kai ka rufe wa mai shaida baki?"

"Kai ka kawo shi, kuma ba ka taɓa gaya mini yaushe ake gaskata shi ba!"

Muka tsaya cikin rana muna musu, dattawa biyu da manyan riguna. Motocin da suka wuce duk cike suke. Da na ga lokaci ya ƙure, na kira autanmu da ke can wurin ɗaurin auren, na sa ya miƙa wayar ga liman da shaidu, na furta cewa na wakilta shi. A bakin titi, ina kallon ɗan agogon nan, aka ɗaura auren da na yi alkawarin bayarwa da bakina. Da la'asar muka shiga gari a bayan motar albasa. Daga baya aka gano na'urar da ke yi wa batir caji ta daina aiki tun kafin mu bar gida, kuma agogon yana ta faɗa a ƙarƙashin salatif.

Auren ya inganta, babu shakka a kansa, Allah kuma ya yi masa albarka. Amma har yau in na zo babin kokwanto a karatu, nakan dakata in ƙara wa ɗalibai bayani: hukuncin kau da kai na shakkar da ba ta da alama ne. Idan alama ta bayyana, aikinka ka koyi karanta ta.

Ɗiyar tawa ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba. Sai dai ranar da za a raɗa wa ɗanta na fari suna, tun jajibiri ta aiko mijinta da mota har ƙofar gidana. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba, ta ce ka bar taka ta huta."