Kalmar da na rubuta a kan takardar Malam Idi

Ina cikin cunkoson motoci a hanyar Nyanya, nan Abuja, aka kira ni aka ce Malam Idi ya rasu da asuba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na gangara gefen titi na kashe mota. Kunya ce ta fara kama ni kafin baƙin ciki.

Malam Idi shi ne tsohon akawun ofishinmu. Na zo ma'aikata da digiri da girman kai, shi kuwa iyakarsa sakandare, amma a hannunsa na koyi Turancin aiki. Yakan ce, "Please roƙo ne, amma in oga ya rubuta maka shi, tashi ka yi, umarni ne." In masinja ko mai shara ya kawo masa wasiƙar Turanci, sai ya ajiye biro ya fassara masa dalla-dalla. Ban taɓa ganin ya yi wa Turancin wani dariya ba.

Kalma ɗaya ya ƙi jini, wato "noted". "Ɗana," in ji shi, "ma'anarta an gani, shi ke nan. Kada ka rubuta ta a kan kukan mutum."

Bara, bayan ya yi ritaya, ciwo ya kwantar da shi. Ya aiko takarda yana roƙon a dawo da 'yarsa Hadiza Abuja daga reshenmu na wata jiha mai nisa, ta yi jinyarsa. Takardar ta zo teburina ranar da aiki ya yi mini yawa. Na rubuta kalmar nan, na sa hannu, aka mayar masa da kwafi. Ya san rubutuna sarai. Bai sake ta da maganar ba. Da sallah ma shi ya kira ni, ya tambayi lafiyar yara.

Hadiza ta taso tun da aka ce jikinsa ya tsananta, ta kwana a hanya, ba ta iso ba sai da aka dawo daga maƙabarta. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Kawu, na gode. Baba kullum cewa yake kana nan kana ƙoƙari a kan maganata." Na kasa ɗaga kai.

Allah Ya jiƙan Malam Idi, Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya ba Hadiza da mahaifiyarta haƙurin rashinsa. Ni kuma ku taya ni roƙon Allah gafara, don wanda ya kamata in je in durƙusa a gabansa ya riga ya tafi.