Hotunan Yaya Sagir a hannun mai duba

Shekara biyar ke nan da rasuwar Yayana Sagir, Allah ya jiƙansa, amma fargabar da ta sa na ɗauki biro yau ta girmi rasuwar tasa. Tun yana raye, duk sanda na shiga ɗakinsa a gidanmu na Mandawari na ga akwatin ƙarfen da yake tara hotunansa, sai gabana ya faɗi. Ba wani abu na sani ba. Na dai lura duk gidan, daga Inna har ƙannenmu, babu mai iya ɗaukar hoto ɗaya ya ce ga abin da ke ciki. Na taɓa tambayarsa wa zai kula da su in ba ya nan. Ya yi dariya ya ce, "Gara mana. Ita kaɗai ce take bin takarduna shafi-shafi a gidan nan."

Ni karatuna a aji biyu na sakandare ya tsaya, don haka masu ilimi su yi mini haƙuri in na karkace. Shi kuwa malamin kimiyya ne a wata sakandare, yana kuma karatun digiri na biyu. Bincikensa a kan abin da yake ce mini garken taurari ne, wato taurari masu yawan gaske da suke tare wuri guda, can nesa da namu. Ban taɓa ganin ya fita tsakar gida ya ɗaga kai sama don aikin ba. Masu bincike na ƙasashen waje ne suka harba na'urori sararin samaniya, suna sakin abin da suka ɗauko a intanet, shi kuma in an kawo wuta ya sauke a kwamfutarsa ya duƙufa.

Na san wannan ne saboda wankan jego. Da na haifi 'yata ta fari, Husna, gida na dawo, kuma ɗakinsa kaɗai ke da fanka mai caji. Da hantsi in na gama wanka sai in lallaɓa can da jaririya. Tun yana korata har ya gaji ya fara koya mini.

Ya ce wuri ɗaya na sama ake ɗauka hoto iri biyu. Don in gane na farkon, ya ja ni har murhun da Inna take dafa mini ruwan wanka, toka ta rufe garwashin. Ya ce in miƙa hannu. Na ji zafi, ban ga wuta ba. Ya ce to haka ne, inda ake haihuwar sababbin taurari ƙura ce ta lulluɓe su, ido ba ya ganinsu, amma zafinsu yana fitowa, na'urar kuma shi take kamawa. Infirared yake kiransa. Na biyun eksire ne, irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, sai dai wannan daga can yake tasowa. A tsakiyar garken akwai wani abu mai tsananin nauyi da yake ce wa baƙin rami, duk abin da yake zurarawa cikinsa sai ya yi zafin da zai fitar da wannan hasken. Aikinsa shi ne ya ɗora wannan hoton a kan wancan, ɗigo bayan ɗigo, ya ga wane garke ne yake haihuwar taurari, wane ne raminsa yake ci, wane ne yake yin duka biyun. Kuma da yake hasken na nesa ya daɗe a hanya, yarintarsu muke gani. Ya ce kamar mutum ne ya shigo unguwa ya ga jarirai da samari da tsofaffi a yini ɗaya, ya zauna ya gano yadda ɗan Adam yake girma.

Wata rana ya ce mini hasken nan biyu ba su da launin da ido ya sani, mai aikin ne yake zaɓar musu don a bambance. Ya ce, "Binta, yau ke za ki yi wa sama anko." Na dubi zanin goyon Husna, ja ne mai ratsin shuɗi. Na ce a ba zafin ja, a ba eksiren shuɗi. Haka ya yi, ya kai shago aka buga, aka sa musu leda.

Wata huɗu bayan haka ciwon ƙoda ya ɗauke shi. Bai yi aure ba, bai gama digirin ba. Aka yi sadaka da tufafinsa, kwamfutar ta shiga gado aka sayar. Littattafan da ke da rubutun Arabiyya aka ɗora su can saman durowa da girmamawa. Akwatin hotuna kuwa aka ce tarkacen boko ne, aka tura shi soro. Sai Ɗanlami, ɗan Baffanmu, wanda a lokacin yake sayar da kayan waya a bakin titi, ya ce zai kai makarantar marigayi. A gabana ya ɗora shi a babur. Ban hana shi ba. In faɗi gaskiya, daɗi ma na ji, na ɗauka an sauke mini nauyi.

Yanzu in zo kan abin kunyata. Husna tana da shiɗewa in zazzaɓi ya yi mata zafi. Duk uwar da ta taɓa ganin idon 'yarta ya juye ta san ba a cikin hankali ake ba. Bana da damina abin ya zo mata sau biyu a jere, sai uwar mijina, Hajiya, ta ce akwai wani malami wajen Shahuci da mata suke ta zancensa, wai shi ba ƙasa yake bugawa ba, tauraron yaro yake nuna maka a hoto ka gani da idonka. A Islamiyya an koya mini hukuncin zuwa wajen mai duba, na sani sarai. Na sa niƙabi na bi ta. Muka hau adaidaita daga Dala, Husna a cinyata.

Soron cike yake da mata, kowace da yaro, ga hayaƙin turare har yana sa tari. Wadda ke gabana a layi ta ce mini ita zuwanta na uku ke nan, malam ya gano mata yayarta ce ta sa wa ɗanta hannu, yanzu ko gaisawa ba sa yi. Ta ce ya hana ta ba yaron maganin asibiti don kada ya karya aikin. Na dubi yaron, leɓɓansa duk sun bushe.

Da muka shiga ciki, abin da na fara gani ba malamin ba ne. Hoton Yaya Sagir ne a bango, na ranar da ya gama digirin farko, da rigar nan da hula mai tuntu, an rataya masa carbi. A ƙarƙashinsa Ɗanlami ne zaune a kan buzu, ya tara gemu, ya naɗa rawani har ya rufe haɓa. Ga akwatin ƙarfen a gefensa, an shafa masa koren fenti.

Bai gane ni ba. Ya tambayi sunan yarinya da na uwarta, Hajiya ta faɗa, shi ko a jikinsa, Bintoci ai suna da yawa. Ya lumshe ido yana motsa baki, ya zura hannu a akwati ya zaro hoto.

"Hajiya, ga tauraron jikarki. Kin ga jan nan da ya kewaye shi? Jini ne, an yi yanka a kanta. Shuɗin nan na tsakiya kuwa idon mai aikin ne, mace ce, kuma tana cin abinci a gidanku. Wannan sirri ne na shehina marigayi, ga shi can, ni kaɗai ya bar wa."

Hajiya ta fara salati. Ni kuwa nan take na gane hoton. Na ɗage niƙabina.

"Ɗanlami, jan nan ni na zaɓe shi. Zanin goyon yarinyar nan ne."

Ya yi wuri-wuri da ido, rawanin ya zame. Sai ya sassauta murya ya ce, "Haba Binta, ashe ke ce? Ai da kin yi magana ba sai kin bi layi ba."

Na ce, "Makarantar tasa ke nan?"

Ya ce, "Ke ki rufa mini asiri, akwai mutane a waje. Na kai musu fa, suka ce ba su da wajen ajiya. Shi Sagir ɗin me hotunan suka tsinana masa? Ni ga shi suna ciyar da gida biyu. Lada ma yake samu."

Lada. A bakinsa na ji kalmar nan, kuma har yau in na tuna sai na ji kamar in wanke kunnena. Na fizge hoton da ke hannunsa, ya danne murfin akwatin da gwiwa. Na ɗauki 'yata na fito. Na tsaya a soron na ce wa matan ƙarya ce, hotunan ɗan'uwana ne, malamin makaranta. Wata ta ce, "Baiwar Allah, in kin gama naki ki ba mu hanya."

Abin da ya biyo baya ya fi wannan ɗaci. A adaidaita Hajiya ta ce ko ma wa ya zaɓi launin, ita dai an ce mata aikinsa yana ci, kuma na kunyata ta. Na je na sami Baffa, wanda shi ne babba a gidan tun rasuwar mahaifinmu. Ya saurare ni yana jan carbi, ya ce zai yi wa yaron magana, amma in bar zancen a cikin gida, zumunci ya fi takarda. Wata uku ke nan, soron yana nan a cike. Inna kuwa da na nuna mata hoton, sai ta juya bayansa ta shafa rubutun ɗanta, ta ce, "Ashe shi ya sa." Na ce shi ya sa me? Ta ce kwanaki a gidan suna wata mata ta durƙusa mata har ƙasa, wai tana neman tubarrakin uwar shehi, ita ta ɗauka ruɗewa matar ta yi. Wata kuma tsohuwar maƙwabciya ta ce mata, ashe Sagir shiru-shirun nan da yake yi harkar taurari yake taɓawa, Allah dai ya yafe masa. Allah ya yafe masa! Mutumin da ko mafarki ka ba shi labari sai ya ce ka rage cin wake.

Ina yawan tambayar kaina me zai ce da zai leƙo yau. Akwai wata babbar na'ura mai kama zafin nan da yake ta ɗokin a harba, kullum yana cewa an sake ɗagawa. An harba ta bayan ba ya nan. Yanzu hotunanta har a wayar mijina nake gani, mutane suna turawa suna rubuta tasbihi a ƙasa, kuma hakan ya yi kyau. Na san da yana nan da ba zai ci abinci ba ranar da suka fito. Amma a garinsu, a tafiyar da ba ta fi ta ƙafa ba daga ɗakinsa, aikinsa ya zama abin raba mace da yayarta, da hana yaro magani. Sanin da na yi masa, da zai fara da dariya, ya ce Ɗanlami ya riƙe hoton a juye. In ya ga yaron nan mai busassun leɓɓa kuma dariyar za ta ɗauke. Wataƙila ma ya zauna ya yi wa Ɗanlami bayani tun daga murhu, don shi bai iya ƙyamar mutum ba. Ni na iya. Ina ƙyamar rawanin, ina ƙyamar carbin da aka rataya wa hotonsa, ina ƙyamar shirun manyanmu, kuma ban cire kaina ba, tunda da ƙafata na je.

Husna na kai ta asibiti. Likita ta ce zafin zazzaɓin ne, ta koya mini yadda zan riƙa saukar da shi da wuri da yadda zan kwantar da ita in abin ya zo. Ban daina tsoro ba, ko jikinta ya ɗan yi ɗumi sai na rasa sukuni.

Me ya rage na Yaya Sagir? Digirin bai samu ba, ɗa bai bari ba, kwamfutar tana hannun wanda ban sani ba. Ɗalibansa suna nan, wasu in sun gan ni a hanya har yanzu sukan ce ƙanwar Malam. Sai sunansa, shi ne kuma ake ja a ƙasa. Ba ni da ƙarfin ƙwato akwatin, an kuma gaya mini Ɗanlami yana ba mata hotunan su tafi da su gida, a sa a ƙarƙashin matashin yaro har sati.

Don haka ga roƙona. In akwai irin hoton nan a gidanki, baƙi mai ɗige-ɗigen ja da shuɗi a cikin leda, ki cire shi daga ƙarƙashin kan yaronki. Ba tauraronsa ba ne, babu jinin kowa a ciki, babu idon 'yar'uwarki. Ki kai yaron asibiti, hoton kuma ki ba malamin kimiyya na makarantar da ta fi kusa da ke, zai san amfaninsa. Wanda kuma ya ji ana kiran Sagir na Mandawari shehin masu duba, namiji ne ko mace, don Allah kada ya yi shiru irin nawa. Ya ce malamin makaranta ne, sannan ya yi masa addu'a.