Ƙwayar da Ke Cin Ƙashin Inna

Inna ta fara ɗora laifin ne a kan mai atamfa. Ta ce ɗan Nijar ɗin da ke kawo mata zane ranar kasuwar Sabon Birni ya koma yanko shi da tsawo, shi ya sa yake jan ƙasa. Ni kuwa da na dawo hutu daga makaranta na rungume ta a gindin rumbu, sai na tarar ina kallon tsakiyar kanta. Da can idanunmu daidai suke.

Ƙishirwa ta yi mata yawa, kullum tana tsakanin randa da bayan gida. Muka ce tsufa ne, alhali ba ta kai sittin ba. Wata rana mun taso daga Burkusuma a kan babur, ya faɗa ɗan ramin da ko ƙwai ba zai fasa ba, sai Inna ta yi ƙara ta dafe baya. Maɗori ya ɗaure, ya sake ɗaurewa. Bayan wata biyu atishawa kawai ta yi, wani wurin ya karye.

A asibiti a Sakkwato, likita, wata mace mai sanyin murya, ta nuna mana hoton ƙashin bayan. Gaɓoɓi biyu sun lotse kamar an taka gwangwani. Ta duba sakamakon jini ta ce ba a baya cutar take ba, a wuya take. Akwai wasu 'yan ƙwayoyi huɗu a gefen maƙogwaro, kowace kamar ƙwayar shinkafa, su ke daidaita sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi. Ɗaya ta kumbura, tana ta sa ƙasusuwa su saki sinadarin cikin jini, shekara da shekaru, har suka zama fanko. In ba a cire ta ba, karaya za ta ci gaba, wata rana Inna ba za ta iya miƙewa ba.

Matar da ke ɗaukar damin gero daga gona har gida ba ta sauke ba, ashe ɗan abin da bai cika farce ba ne ke rusa ta.

Inna ta juyo gare ni. "Ke ɗiyata, mi ta ce? Bayana ka ciwo, a yanka min wuya kamar ragon layya? Gida za ni."

Muka fito muka zauna a inuwar dogon yaro. Na yi roƙo, na yi kuka, ta ce in adana hawayena in yi rubutuna da su. Can sai ta shafa wuya.

"Kin ce ba a ganinai?"

"Ba a gani, Inna."

"Kuma shi ka tsotsa, ni ina ƙanƙancewa?"

"Haka likita ta ce."

"To ai ƙuduji ne."

Ciyawar nan take nufi, wadda ke kama saiwar gero a ƙarƙashin ƙasa ta shanye shi tun ba ta fito fili ba. Inna ta shekara talatin tana tuge ta da hannu.

"Na san halinai," in ji ta. "Tashi ki ce mata na yarda."

Bayan aikin ta dage sai an nuna mata ƙwayar da aka cire. Aka kawo a 'yar kwalba, ja-ja, kamar ƙwayar wake da ta jiƙa. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Subhanallah. Kai ne?"

Abin da ya lotse bai miƙe ba, da sanda take tafiya. Amma damina biyu ke nan ba ta sake karyewa ba. Mata in sun zo gaisuwa takan ɗaga mayafi ta nuna musu ɗan layin da ke wuyanta ta ce a nan aka gyara mata baya. Sukan yi dariya, sannan in ga kowace ta kai hannu wuyanta a hankali tana lalube.