Taguwar da ba ta da lamba

Ranar Talata, ƙarfe shida, ɗana Warrick Tully ya ƙona biredi kamar kullum. Ƙarfe bakwai ya zuba wa Beryl ciyawa, ta tofa masa yawu. Takwas ya buɗe ofishin Hukumar Rajistar Raƙuman Aiki, inda shi ne shugaba, shi ne akawu, shi ne mai shara. Raƙumi ɗaya ya rage a rajistar, wato Beryl, tsohuwar taguwar da mai ita ya mutu ya bar wa hukumar.

Duk shekara biyar dokar hukumar kan ƙare, sai in kwamitin majalisar jiha ya sabunta ta. In ta faɗi, Beryl ta zama ta daji, na daji kuwa harbe su ake yi. Sau uku Warrick yana zuwa Adelaide, babban birnin jihar, yana cin nasara. Zama na huɗu ranar Alhamis ne.

Sha biyu ya zo cin abinci, ya ce in zama ɗan kwamiti mu gwada.

"Malam Tully, me kuka yi a shekara biyar?"

"Mun ƙirga raƙuma, ranka ya daɗe."

"Nawa?"

"Ɗaya."

"Kai, ba ka jin kunya?"

"Haba Mama, ko ɗaya bai ɓace ba. Wace hukuma ce za ta iya faɗin haka?"

Ƙarfe huɗu ya goge kwat. Laraba da safe zuciyarsa ta tsaya a bakin garke. Shekararsa arba'in da shida. Ranar Alhamis kwamiti ya yi shiru na minti ɗaya don girmama shi, sannan ya bar dokar ta ƙare.

Aka turo wata jami'a, Noelene, kwasar kaya. Ta ce duk abin da ke da lambar hukuma nasu ne, saura na iyalin mamaci. Na ce ta rubuta min haka, ta sa hannu. Sannan na kai ta garke.

Ta zagaya Beryl sau biyu. Ta miƙa hannu wajen kunne, Beryl ta buɗe haƙora.

"Mama, babu lamba," in ji ta, "kuma ni ba zan leƙa ƙarƙashi ba."

Aka ɗauki tebur da fanka. Takalman aikin Warrick na ba maƙwabcina, sun yi masa yawa. Kwat ɗin na kai shagon da ke karɓar kayan sadaka. Beryl tana bayan gidana, rajista da sunana. Ta cinye bishiyar lemo, yanzu ta fara shinge.